Ranar da Allura Ta Ce "Mun Yi"

A ɗakin gwajin kimiyya na makarantarmu akwai wata doka da ba ta cikin littafin dokoki. Ni na kafa ta. In aikin rukuni ne, ba a cewa "na yi", sai dai "mun yi". Wanda bakinsa ya suɓuce, tsintsiya na jiransa a bayan ƙofa. In a rubuce ne, jan birona ya zagaye "na" ɗin sau biyu, takarda ta koma hannun mai ita.

Ba a yi wata guda ba yara suka laƙaba mini Malama Mun. Suna zaton ban sani ba. Yaro zai shigo aji shi kaɗai tilo, jaka na lilo a kafaɗa, ya ce, "Malama, a yi haƙuri, mun makara, cikinmu ne ya murɗa." Aji ya kwashe da dariya. Nakan ɗaure fuska, amma a raina daɗi nake ji. Ko da wasa ne, kalmar ta zauna a bakinsu.

Ba tawali'u ne ya sa na kafa dokar ba, kada in yaudari kaina. Haushi ne. A shekarata ta ƙarshe a jami'a, mu huɗu aka haɗa kan aikin kammalawa. Ni na yi awo, ni na yi lissafi, ni na rubuta. Ranar kare aikin, ɗaya daga cikinmu, mai faɗin ƙirji da murya kamar ganga, ya miƙe gaban malamai ya ce, "Na gano cewa..." Sau goma sha ɗaya ya faɗa, ina ƙirgawa. Shi aka riƙe a sashen. Ni kuwa, da sakamakon da ya fi na kowa, na ƙare a wannan makaranta ta bayan kasuwa, mace ɗaya cikin malaman kimiyya bakwai, teburina a gindin taga mai fasasshen gilashi. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na dai rantse ba za a haifi ɓarawon aiki a ajina ba.

A shekarata ta uku sai ga takarda daga wata gidauniya, an shirya gasar ƙirƙira tsakanin makarantu. Rukunin da ya ci, makarantarsu za ta samu kofi, kuma za a ɗauki nauyin karatun jami'a na ɗalibi ɗaya daga cikinsu tun daga farko har ƙarshe. Ɗaya tak. Ina kaiwa wannan layin na san wa nake so ya samu.

Allura ake ce mata, don siranta, kuma don hannunta yana shiga inda na kowa ba ya shiga. Babanta mai gyaran fanka ne da dutsen guga a wata 'yar rumfa bakin titi. A nan ta koyi narka dalma ta liƙe waya tun tana firamare. Ita ce babba cikin 'ya'ya shida. Na taɓa tambayarta me take so ta zama, ta ce injiniya, sannan ta rufe baki tana dariya kamar wadda ta faɗi abin kunya. Ni da ita duk mun san in ba wannan hanyar ba, babu wata.

Na haɗa ta da mutum biyu. Rediyo, yarinya ce da in ta fara magana sai dai a cire batir, amma rubutunta tsaf, ba ta tsallake layi. Da Dogo, wanda yake goge saman allo ba tare da ya yi ɗage ba, kuma duk sanda ya buɗe baki sai an yi dariya.

Aikin da suka zaɓa a gaban idon kowa yake. Tankin ruwan makaranta yana kan doguwar ƙafar ƙarfe a bayan ɗakin gwaji. Kullum da safe maigadi zai kunna injin jan ruwa ya tafi hira, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har sai wani ya ƙwala ihu. Wurin ya zama taɓo, sauro ya samu gida. Suka ce za su haɗa abin da zai kashe injin da kansa in tanki ya cika.

Dabarar farko mai sauƙi ce. Fankon robar ruwa a cikin tanki, an ɗaura mata siririn ƙarfe. Ruwa ya taso, roba ta taso ta danna makunni, injin ya mutu. A kan takarda lafiya lau. A tanki kuwa, ruwa na ɗan motsawa sai injin ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi, kamar mai shaƙuwa, har ya fara ƙauri. Maigadi ya kai ƙarata wurin shugaban makaranta.

"Malama," in ji Shugaba, yana dubana ta saman tabarau, "in injin nan ya ƙone, digirinki ne zai ja mana ruwa?"

"Yallaɓai, in ya ƙone ni zan ɗebo da guga."

"Bakinki kenan. Na ba ku sati biyu."

Ana saura kwana uku wa'adin ya cika, bayan an tashi, na leƙa ɗakin gwaji na tarar da Allura ita kaɗai a durƙushe, ƙarfen dalma a hannu, roba biyu a gabanta maimakon ɗaya. Ta sama ce za ta kashe injin, ta ƙasa ce za ta kunna shi. Ke nan ba zai sake tashi ba sai ruwa ya sauka sosai. Ta ƙone yatsa a wuri biyu, ba ta ma lura ba. Washegari da ƙarfe goma muka tsaya ƙarƙashin tanki, kowa ya ɗaga kai. Injin ya yi ƙwas, ya yi tsit. Ko ɗigo bai zuba ba. Dogo ya daka tsalle ya ce yau sauro sun zama 'yan gudun hijira.

Na dubi yarinyar nan da ƙonannun yatsunta, na ga kaina.

Ranar gasa, a cikin motar makaranta, na sake ja musu kunne. Na ce duk wanda na ji "na" a bakinsa, ba ni ba shi.

"Malama," in ji Allura a hankali, "in suka tambaye ni ni kaɗai fa?"

"Amsarki ɗaya ce. Sauran ki bar mini."

Na tabbata a raina alƙalai za su zo wurina. Wa ya san ɗalibi kamar malaminsa? Har na tsara abin da zan faɗa. Yaran za su ce "mu", kowa ya ga tarbiyya, sannan ni in ɗaga hannu in nuna wadda ta cancanta. Ban ga komai a wannan tsari ba sai adalci.

Da muka isa zauren, sai na ga an ja igiya. Ɗalibai da teburansu a ciki, malamai a waje. Ba wanda zai tambaye mu komai. Teburinmu yana kusa da igiyar, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena aka faɗa.

Alƙalai uku ne, babbarsu wata dattijuwa mai tabarau rataye da sarƙa. Ta zuba ruwa a ƙaramin tankin da muka kawo, ta ga injin ya mutu, ta rage, ta ga bai tashi ba sai da ruwa ya kai ƙasa. Ta juya allon wayoyin ta daɗe tana duba bayansa. Sannan ta fara da Dogo.

"Samari, kai me ka yi?"

"Ranki ya daɗe, ni tsani ne. Ni ake turawa sama."

Suka yi dariya suka wuce. Ta tsaya gaban Allura.

"Ke 'yata, wa ya kawo dabarar roba biyu?"

"Mu ne."

"Na ji. Ke me kika yi a ciki?"

Allura ta ɗago ido ta nemo ni a bayan igiya. Ni kuwa, abin da har gobe ba zan yafe wa kaina ba, na gyaɗa mata kai.

"Komai tare muka yi," in ji ta.

"Liƙin wayoyin nan fa? Hannu ɗaya ne ya yi shi, kuma hannun ya ƙware."

"Mun liƙa."

"Ku uku kuka riƙe ƙarfe ɗaya?"

Allura ta mayar da hannayenta baya ta sunkuyar da kai. Dattijuwar ta jira, ta jira, sannan ta yi ɗan rubutu ta matsa gaba.

Rediyo ma da "mun" ta fara. Aka matsa mata sau ɗaya, ta waiwayo inda nake, ta haɗiye yawu, sai famfo ya buɗe. Ta ce ita ta auna ruwan da ke zuba kullum har sati uku. Ta buɗe littafinta ta nuna. Ta ce ta lura injin na shaƙuwa, ta rubuta sau nawa a minti. Ta yi bayanin roba biyu yadda ko ni ba zan yi ba. Ba ta ce ita ta ƙirƙiro ba. Ba ta kuma ambaci sunan kowa ba.

Mun ci kofi. Karatun jami'a kuwa aka ba Rediyo.

Ana cikin tafi na tsallake igiyar, wani mai tsaro na kirana ban juyo ba. Na tare dattijuwar a baranda na ce an yi kuskure, yarinyar da ta yi aikin ga ta can, a dubi yatsunta.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Malama, na ga yatsunta. Sau uku na buɗe mata ƙofa ta ƙi shiga. Mu uku ne, kuma abin da yaro ya faɗa da bakinsa shi muke rubutawa. Wa ya koya mata haka?"

Na buɗe baki ban samu "mun" ba.

"Ni ce," na ce.

A mota muna komawa, Dogo ya rungume kofi bai tsokani kowa ba, karo na farko a saninsa da na yi. Rediyo na kallon taga. Allura ce ta ce wa direba ya sauke ta a bakin titinsu, ta ce mana sai da safe, kamar kowace rana.

Ban haƙura ba. Takarda huɗu na rubuta wa gidauniyar. A kowacce na ce yarinya ɗaya ce ta yi aikin, ita kaɗai, daga farko har ƙarshe. Na je ofishinsu sau biyu, na wuni kan benci, aka ce mai sa hannu ya fita. Daga baya suka bugo wa Shugaba waya. Ya kira ni, kofin na bayansa a kan kabad yana walƙiya.

"Shekara ashirin makarantar nan ba ta ci ko cokali ba. An ba mu kofi, ɗalibarmu ta samu karatu, ke kina neman ki ce mun yi maguɗi?"

"Yallaɓai, gaskiya nake bi."

"Gaskiyarki ta bi layi. Daga zango mai zuwa aji ɗaya za ki koyar."

Aka ɗauke ni daga ajin ƙarshe aka mayar da ni wurin yaran da ba su san bambancin batir da kwan fitila ba. A ɗakin malamai, in na shigo, wani zai ɗaga murya ya ce, "To, jama'a, shayin nan na sha ne ko mun sha?" Nakan zauna a gindin tagata in yi makin takardu, bayana a miƙe. Sun so su ga hawayena, ban ba su ba.

Rediyo na kira ranar da suka gama jarrabawa. Na rufe ƙofar ɗakin gwaji na ce ta rubuta wa gidauniya ta faɗi gaskiya.

"Malama, wace ƙarya na yi?" in ji ta. "An tambaye ni abin da na yi, na faɗa. Ba ni na auna ruwan ba? Sati uku ina tsaye cikin taɓo da bokiti. Ko sau ɗaya kin taɓa buɗe littafin nan?"

"Me ya hana ki ambaci sunanta?"

"Ke kika ce babu suna! Kika ce mu ne kawai. Da na ce Allura ta yi kaza, ai na karya doka, da na ce ni na yi ma na karya. Wanne zan ɗauka?" Ta fashe da kuka. "Mamana ta gaya wa duk danginmu. Ki ce in je in ce mata me?"

Na buɗe mata ƙofa ta fita. Littafin ta bar shi a kan tebur. Ban taɓa shi ba sai da kowa ya watse. Shafi talatin da biyu ne, kowace safiya da kwanan wata, gefen wasu shafukan da busasshen taɓo.

Amsar gidauniya ta zo, layi uku, hukuncin alƙalai ba ya canzawa. Na ninke ta na sa a jaka, na yi kwana tara ina yawo da ita kafin in iya zuwa rumfar baban Allura.

Da la'asar na je. Fankoki a jere kamar marasa lafiya a layin asibiti, wasu ba kai, wasu ba fiffike. Babanta ya miƙe da sauri yana goge hannu a tsumma.

"A'a, Malama ce da kanta! Ke, kawo kujera. A'a, ba wannan ba, mai ƙafa huɗun."

"Baba, duk masu ƙafa uku ne," in ji Allura.

"To kawo wadda ta fi kunya."

Ya yi mini godiya, wai na ɗaga sunan 'yarsa, wai ya ga hoton kofi. Kowace godiya kamar yana ɗiga mini dalma a ƙirji. Da wani ya kira shi duba firji a maƙwabta, muka rage ni da ita. Tana zaune a kan akwati, cikin fanka a buɗe a cinyarta, tana warware ƙonanniyar waya.

Na miƙa mata takardar. Ta karanta, ta ninke yadda take, ta dawo mini da ita.

"Na cuce ki," na ce. "Na toshe miki baki. Na ga kin dube ni, na gyaɗa kai."

Ta ɗan yi murmushi ba ta ɗago ba. "Malama, 'na' huɗu kenan. Shara ta kama ki."

Na matso da kujerata kusa da ita.

"Aikinki ne, ke kaɗai. Haka na rubuta musu sau huɗu."

Sai a nan ta ajiye wayar. "Haka kika rubuta? Ai ba haka ba ne, Malama."

"Da idona na gan ki."

"Kin gan ni ina liƙawa. Ranar nan da rana Dogo yana saman tanki, ya leƙo ya ce injin nan maigadi biyu yake so, ɗaya ya ce tsaya, ɗaya ya ce taho, don maigadi ɗaya hira yake tafiya. Wasa yake yi. Ni kuma sai abin ya tsaya mini a rai. Inda zan sa robar ƙasa, a littafin Rediyo na gani, ita ta san inda ruwa yake daina motsi. Makunnin ma Baba ne ya ciro mini daga wani tsohon injin wanki." Ta ɗaga kafaɗa. "Haɗawa dai ni na haɗa. Liƙi ni na yi."

"To me ya sa ba ki faɗa wa matar haka ba? Yadda kika faɗa mini yanzu?"

Ta dube ni, idonta ya ciko, amma muryarta ba ta canza ba.

"Ban san ana faɗa haka ba. Biyu na sani, 'na' da 'mun'. Kin ce 'na' ta ɓarayi ce."

Motoci na ta wucewa a titi. Na zauna a kan kujera mai ƙafa uku, jakata a cinya, da digirina da jan birona. Shekara uku ina koya wa yara su rufe aikinsu da bargo ɗaya, ban taɓa koya musu su ɗaga bargon su ce wannan na wane ne, wannan na wance ba. Da sun iya, da bakin Dogo da na Rediyo sun kira sunanta ko da ita ta yi shiru. Ni ma da nake ta ihun adalci, na share yara biyu daga takarda sau huɗu, na sa hannu. Har na tuno wani tsoho mai kula da ɗakin gwaji a jami'a, wanda ya gyara mini ma'auni sau uku a wancan aikin da nake cewa ni kaɗai na yi. Ko sunansa ban iya tunowa ba.

"Baɗi fa?" na ce. "Za a sake gasar."

"Ta 'yan makaranta ce, Malama. Ni na gama." Ta goge ido da bayan hannu ta ɗauki ƙarfen dalma. "Idon Baba ya fara rauni, ƙananan wayoyin ni nake yi masa. Ki riƙe mini nan, don Allah, kada ya motsa."

Na riƙe. Ta liƙa. Ɗigon ya zauna sumul, yana sheƙi.

Yanzu 'yan aji ɗaya nake koyarwa. Tsintsiya na nan bayan ƙofa amma ta shara ce kawai. In sun gama aikin rukuni, kowa zai miƙe ya faɗi abin da ya yi, sannan ya faɗi abin da na kusa da shi ya yi, da suna. Suna jin kunya, suna tsokanar juna, wani ya ce wane dai hamma ya yi. Ba su san Malama Mun ba. Rediyo ta tafi jami'a, ta aiko mini da saƙo sau biyu, na amsa na biyun.

Ajin nan yana kallon bayan ɗakin gwaji. Taɓon ya bushe, har ciyawa ta fito. Kullum wajen ƙarfe goma, ina tsakiyar magana, injin zai yi ƙwas ya yi tsit. Nakan tsaya da alli a hannu. Yaran sun saba, sukan jira ni.

Jiya wata 'yar ƙarama a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, wa yake kashe injin nan?"

Na juya ga allo na rubuta sunaye huɗu, har da na mai gyaran fanka. Na fara da nata. A daidai wannan lokacin na san inda take, a kan akwati bakin titi, da fankar wani a cinyarta.